Akwatin Giyar Maylis

Akwai wani dattijo a layinmu, nan unguwar Chartrons ta birnin Bordeaux a ƙasar Faransa, ana ce masa Anselme Larrieu. Labarinsa na kawo muku yau, 'yan uwa mabiya wannan shafi. Da izininsa kuma na kawo, don shi da bakinsa ya ba ni a kan bencin bakin kogi.

Dillalin giyar inabi ne, tun yana saurayi har kansa ya yi fari fat. Aikinsa ya zaga gonaki ya ɗanɗana, sannan ya gaya wa masu hannu da shuni wacce za a sha bana, wacce kuma za a ajiye ta yi daraja. Gaskiya dai, Allah ya ba shi hanci. In ya kaɗa kofi ya sunkuya a kansa, manoman inabi har numfashi suke riƙewa, don kalma ɗaya daga bakinsa tana iya ɗaga farashi ko ta kwantar da shi.

Sai dai hancin nan ya zo da girman kai. Ko gaishe shi ka yi a wurin mai burodi, sai ya bi ka da kallo kamar kai ma inabi ne, yana auna shekarar da aka matse ka.

Matarsa Huguette ba haka take ba. 'Yar gajeruwa ce mai yawan dariya, wadda ta san sunan kowane yaro a layin. Da giyar kantin bakin kwana take dafa namanta, mafi arha a cikin kantin, shi kuwa ruwan wanke ƙafa yake kiran giyar. Sai ta ce masa, "To ai ga shi kana siɗe kwano da burodi, Anselme."

'Yarsu ɗaya ce, Maylis. An haife ta a shekarar 1982, shekarar da rana da ruwan sama suka yi wa inabi adalci. A wajenmu, uban da ya san abin da yake yi yakan sayi akwatin giyar shekarar da aka haifa masa ɗa, ya ajiye, sai ranar auren ɗan a buɗe. Anselme ya zaɓo jar giya daga wata babbar gona ta Pauillac, kwalba goma sha biyu a akwatin katako, da ƙusoshin gonar da hatiminta. Ya sauka da shi ɗakin ƙasa, ya ɗora a kan wata kantar ajiya, ya ce wa Huguette, "Wannan na Maylis ne."

Yarinya tana girma, akwati yana kwance. In an yi baƙi ma sai Maylis ta ja su zuwa ɗakin ƙasa ta nuna musu, tana cewa sa'arta ce a ciki.

Matsalar ita ce, yadda yarinya take girma, haka farashin giyar yake hawa. Kuma duk ɗan kasuwar nan ya san akwatin da bai taɓa buɗuwa ba, mai cikakkun kwalabe goma sha biyu da ƙusoshinsa na asali, ba ɗaya yake da wanda aka zare ko kwalba guda daga ciki ba. Da zarar ka ɓamɓare murfin, ka zubar da wani kaso na darajarsa. Anselme ya fi kowa sanin wannan, kuma sanin ya zame masa ciwo.

Da Maylis ta tashi aure, sai ta kawo Bastien, wani kafinta mai gyaran jiragen ruwa na katako a Gujan-Mestras, can bakin teku. Yaro ne mai kunya, hannuwansa duk kanta. Anselme ya gaisa da shi da kan yatsu.

Ana saura kwanaki biki, Huguette ta same shi a kicin ta ce, "Yaushe za ka hau da akwatin? Ka san sai an tsayar da kwalaben sun huta."

Ya ce, "Ba zan buɗe ba."

Ta ajiye wuƙar da ke hannunta. "Me ka ce?"

"Na ce ba yanzu ba. Kin san abin da akwatin nan ya zama kuwa? Nan da shekara goma zai saya mata ɗaki. Na tanadi wata giyar mai kyau, ta ishi biki. Dangin kafinta ne fa, ko ruwan wanke ƙafarki aka zuba musu ba za su gane bambanci ba."

Bai san Maylis tana tsaye a bakin ƙofa ba, da rigar amarcinta a hannu, ta kawo wa uwarta ta ga ɗinki.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Papa, tun ina 'yar ƙarama kake ce mini nawa ne."

Ya ce, "Naki ne mana. Shi ya sa nake tsare miki shi. Wata rana za ki gode mini."

Ta ce, "To ka ci gaba da tsaronsa." Ta juya ta fita.

An yi biki, an sha waccan giyar da ya tanada, kuma ba wanda ya ce ba ta da daɗi. Amma tsofaffin da suka san al'ada sun yi ta kallon juna. Washegari dangin ango suka shirya abincin rana a gidansu na bakin teku. Anselme ya ce yana da aiki a wata gona, Huguette ta tafi ita kaɗai.

Tun daga nan abu ya tsinke tsakanin uba da 'ya. Ba faɗa suka yi ba, da faɗa ne ma da sauƙi. Gaisuwa ce kawai ta rage, irin wadda ake yi wa maƙwabcin da ba a saba da shi ba. Huguette ce take hawa jirgin ƙasa ta je wurinsu, da jakarta ta saƙa a kafaɗa. In ta ce ya zo su tafi tare, sai ya ce, "Ita ta san hanyar gidan ubanta."

An haifi jika, ya aika da kyauta. Bastien ya buɗe shagonsa na kansa, ya aika da gaisuwa. Duk ranar da wani abin farin ciki ya samu, Huguette takan ce, "Anselme, ko kwalba ɗaya ce mu buɗe."

Amsarsa ba ta canzawa. "Ba yanzu ba. Tana hawa."

Shekaru suka tura, sai ciwo ya kama Huguette. Ta yi jinya, ta ɗan samu sauƙi, ciwon ya dawo, a ƙarshe ya tafi da ita. Maylis ta zo jana'iza, ta rungumi ubanta a bakin kabari runguma ta sauke nauyi, ta koma a jirgin yamma.

Ni da nake layi ɗaya da shi, na ga yadda gidan nan ya mutu. Tagogin sama sun daina buɗuwa. Furannin da Huguette take shayarwa a baranda suka bushe a tukwanensu. Da safe sai ya fito ya sayi rabin burodi, shi da ya saba sayen guda, kuma ba ya ƙarar da rabin. Ya ce mini ya daɗe yana ajiye kofi biyu a kan tebur kafin ya tuna ya mayar da ɗaya. Yakan kunna rediyo, ba don yana saurare ba, don dai a ji muryar mutum a gidan.

Abokan sana'arsa wasu sun mutu, wasu sun koma wurin 'ya'yansu. Matasan dillalai kuwa sun daina kiransa ɗanɗano. Abin da ya rage masa shi ne ɗakin ƙasa. Kullum bayan abincin rana sai ya kama ƙarfen matattakala ya sauka a hankali, ya duba ma'aunin sanyi, ya shafa murfin akwatin, ya bi kan ƙusoshin da yatsa. Ba ya ɗaga shi, ba ya juya shi, don tsohuwar giya ba ta son motsi. Yakan zauna a kan wata kujera ya yi ta kallonsa. Wallahi abin tausayi ne, dattijo da akwati suna hira.

Yana kewar 'yarsa, wannan ba sai an tambaya ba. Amma bakinsa ya kasa furta haƙuri. Sai ya ƙulla wata dabara irin tasa.

Ya tare ni wata safiya ya ce, "Maƙwabci, zan sayar da akwatin. Zan kai wa Maylis kuɗin gaba ɗaya, in ajiye mata a kan tebur. Sannan za ta ga wanda yake da gaskiya."

Na ce, "Monsieur Larrieu, 'yar kake so ko gaskiyar?"

Ya harare ni. "Duka biyun. Kai me ka sani game da giya?"

Na bar shi, don ba a gardama da shi.

Ya kira wani gidan gwanjo, suka turo masa mai duba kaya, Madame Cazenave. Mace ce mai natsuwa, ta kai shekara hamsin, kuma tun tana koyon aiki take jin sunansa. Ta zo da hantsi da 'yar fitilarta. Suka sauka ɗakin ƙasa, ta duba sanyi, ta shafa bango ta ji danshinsa, ta yaba.

Ta ce, "Ɗakinka ba shi da laifi, Monsieur Larrieu. Amma ka fi ni sani, giyar da ta haura shekara arba'in ba ma sayar da ita a rufe. Sai na ga kowace kwalba, na ga inda giyar ta tsaya."

Ya ce, "Akwatin Larrieu ne fa, Madame. Sunana bai isa ba?"

Ta yi murmushi. "Sunanka ya isa a ko'ina. Sai dai matoshi ba ya karatu. In ya tsufa yoyo yake yi, ko a ɗakin wa yake. A gabana za a buɗe, in shaida, darajarsa ba za ta taɓu ba."

Ba yadda ya iya. Ya ɗauko ƙarfe, ya sa a ƙarƙashin murfin. Ƙusoshin suka yi ƙara suna fitowa, murfi ya ɗaga.

Madame Cazenave ta haska, ta zaro kwalba ta farko, ta juya ta. Ta ƙura mata ido.

Takardar da ke jikin kwalbar ba ta gonar Pauillac ba ce. Ta kantin bakin kwana ce, giyar girkin Huguette.

Ta zaro ta biyu, haka. Ta uku, haka. Anselme ya ture ta gefe ya shiga zarowa da kansa, yana jerawa a ƙasa, numfashinsa yana sama-sama. Wasu takardun sun yi ja don tsufa, wasu ba su daɗe sosai ba. Kwalba goma sha ɗaya, duk ruwan wanke ƙafa. Sai a can ƙuryar sahun ƙasa ya tarar da guda ɗaya ta asali, tana kwance ita kaɗai.

Ya dafa kantar ya ce, "An yi mini sata. A cikin gidana."

Madame Cazenave ta leƙa bayan kantar. Akwai wani ɗan lungu tsakaninta da bango, inda Huguette take jera kwalaben tumatir da waken da take dafawa ta adana. Siririn mutum ne kawai yake shiga, tumbin Anselme kuwa rabonsa da wurin tun yana ango. Ta haska ta ce, "Katakon bayan akwatin nan an taɓa cire shi. Ba ƙusa ke riƙe da shi ba, wasu 'yan turakun katako ne. Zarewa ake yi a mayar. Wanda ya yi aikin ya iya hannunsa."

Ya ce, "Kafinta!"

Ita dai ta ɗauki kwalbar ta asali da hannu biyu, ta tsayar da ita a hankali, ta sa fitila a bayanta. A sabuwar kwalba giya tana kaiwa cikin wuya. Wannan ta sauka daga wuya, ta wuce saman kafaɗa, ta kusa tsakiya. Ta shafa bakin kwalbar, ta ji danƙo a yatsanta. Ta karkata ta kaɗan ta dubi launi, jan ya koma irin na tsohon bulo.

Ta ce, "In faɗa maka, ko ka riga ka gani?"

Ya ce, "Faɗi."

"Matoshin ya gaji, iska ta daɗe tana shiga. Wannan ba ta gwanjo ba ce, Monsieur Larrieu, ta tebur ce. Kuma bana, ba baɗi ba. Ko banan ma ban yi maka alkawari ba." Ta miƙa masa. "In da wanda kake so ka sha ta da shi, kira shi yau."

Da ta tafi, ya hau sama yana haki, ya ɗauki waya. Rabonsa da ya kira 'yarsa da kansa har ya manta.

Tana ɗauka ya ce, "Ba ni ɓarawon mijinki!"

Maylis ta ce, "Ka buɗe ke nan."

"Au, kin sani? Har da ke?"

"Papa, zauna. Na san a tsaye kake."

Ya zauna.

Ta ce, "Ba wanda ya yi maka sata. Maman ce, matarka. Ranar da ka ce ba za ka buɗe ba, ta jira ka fita, ta kira Bastien. Ƙi ya yi, wallahi har roƙonta ya yi ta bar shi, ya ce ba zai fara surukuta da fasa akwatin surukinsa ba. Ta ce masa akwatin ba na surukinsa ba ne, na amaryarsa ne. Shi ne ya cire katakon baya. Washegarin biki, ranar da ka ce kana da aiki, ta zo mana da kwalba biyu a cikin jakar saƙarta."

Ta ci gaba da ba shi labari.

"Daga nan duk abin da ya same mu na daɗi, sai ta tambaye ka tukuna. In ka ce ba yanzu ba, sai ta shiga lungun ta zaro ɗaya, ta sa ta girkinta a gurbin don kada akwatin ya yi sauƙi. Mun sha ranar da na haihu. Mun sha ranar da Bastien ya buɗe shago. Mun sha ranar da likita ya ce ta samu sauƙi. Ta ƙarshe kuma ranar da ya ce ciwon ya dawo. Ta ce wannan ma rana ce, tunda muna tare."

Ya ce da wata ƙaramar murya, "Duk shekarun nan ba wanda ya gaya mini."

"Ta sha gaya maka, Papa. Cewa take ka zo mu tafi."

Can ya ce, "Saura ɗaya."

"Na sani. Ta ce wannan ta babanki ce, kada kowa ya taɓa. Ta ce wata rana zai buɗe da hannunsa, kada ya tarar ba a rage masa komai ba."

Ya ajiye wayar ba sallama. Ya ce mini bai san tsawon lokacin da ya ɗauka a kan kujerar ba. Rana ta bar tagar kicin, ta koma bangon maƙwabta, yana nan zaune. Da farko haushi ne ya cika shi, sannan kunya. Abin da ya zo daga baya ya fi su ciwo. Ya gane cewa duk shekarun da yake sauka yana shafa murfin nan, iyalinsa suna can bakin teku suna shan abin da yake gadi, kuma ba korarsa aka yi ba, shi ya ƙi zuwa.

Kwana ya wuce, wani ya wuce, kwalba tana tsaye a kan teburin kicin suna kallon juna. Kuɗin da zai ajiye wa Maylis a kan tebur babu su. Gaskiyar da yake so ya nuna mata ita ma babu. Kwalba ɗaya ce ta rage, mai yoyo.

Wata safiya na gan shi ya fito da kwat ɗinsa na zuwa coci, ya naɗe wani abu a mayafin Huguette, ya rungume a ƙirji. Na ce, "Monsieur Larrieu, ina zuwa da jariri?"

Ya ce, "Zan kai shi wurin 'yar uwarsa." Karo na farko ke nan da ya mayar mini da wasa.

A jirgin ƙasa bai jingina ba, don kada kwalbar ta girgiza. Da ya isa Gujan-Mestras, ya tambayi hanya, shi da bai taɓa taka gidan 'yarsa ba. Maylis ta buɗe ƙofa. Ta dubi ubanta, ta ga yadda kwat ɗin ya yi masa yawa. Ta dubi mayafin uwarta. Ba ta rungume shi ba, amma ta matsa ta ba shi hanya.

Bastien ya fito daga shago da garin katako a gashinsa, ya tsaya nesa kamar mai jiran hukunci.

Anselme ya dube shi ya ce, "Turakun nan da ka yi."

Bastien ya ce, "Monsieur Larrieu, ka yi haƙuri, ni..."

"Aiki ne mai kyau. Kusan shekara ashirin ina shafa akwatin, ko motsi bai taɓa yi ba." Ya miƙa masa hannu, wannan karon duka tafin.

Maylis ta ce, "To, a kawo abin buɗewa?"

Nan take tsohon dillalin ya farka. "Ke, kina da hankali kuwa? Kwalbar da ta sha jirgi? Lakar da ke gindinta duk ta tashi. Sai an tsayar da ita a wuri mai sanyi ta huta, ta yi kwanaki tukuna."

Maylis ta ce, "Ashe sai ka koma ka sake dawowa."

Ya sunkuyar da kai yana juya hularsa. Ya tuna gidan Chartrons, da rediyo, da rabin burodi.

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Akwai gadon da Maman take kwana. Kwalba ta huta, kai ma ka huta."

Haka ya zauna. Da rana yakan je shagon Bastien ya zauna a kan gungume yana kallon aiki, har ya fara ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Shi da Maylis ba su yi wata doguwar magana ba. Wata rana dai tana wanke kwanuka yana gogewa, ya ce, "Abin da na faɗa a kicin ran nan, ban kyauta ba." Ta ce, "Ba ka kyauta ba." Ta miƙa masa wani farantin.

Ranar Lahadi ta gasa cinyar rago da farin wake. Anselme ya wanke hannu, ya ɗauko kwalbar ba tare da ya karkata ta ba. Matoshin ya yi laushi, ya rabe biyu, ya lallaɓa ya fitar da shi. Ya kunna kyandir, ya riƙe wuyan kwalbar a saman hasken, yana tsiyayewa a hankali cikin tulun gilashi, har ya ga laka ta taho, ya tsaya.

Maylis ta kawo kofuna huɗu.

Ya ce, "Mu uku ne masu sha. Na huɗun na wa?"

Ta ce, "Haka Maman take yi. Duk ranar da muka buɗe, sai ta zuba ɗaya ta ajiye a gaban waccan kujerar. Naka ne. Takan ce ko Allah zai sa ya biyo jirgin rana." Ta ajiye kofin a gaban kujerar da ba kowa. "Yau kai ka zo. Wannan nata ne."

Ya zuba wa kowa, ya zuba na huɗun. Ya kaɗa nasa, ya sunkuya a kai, ya rufe ido. Da farko wani ɗan ƙamshi ya taso, irin na ƙasa bayan ruwan fari, da na busasshen ganyen taba. Ya kurɓa, ya juya a bakinsa. Ba ƙarfi, ba zaƙin 'ya'yan itace, sai wani siririn tsami. Kafin a gama yanka naman, ɗan ƙamshin ma ya tafi.

Bastien ya ce, "Ai da daɗinta, Monsieur Larrieu."

Ya ce, "Kada ka yi mini ƙarya, ɗana. Ta wuce. Na makara."

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gaya wa duniya ɗanɗanon giya ya juya wurin 'yarsa ya ce, "Maylis, na san farashinta na kowace shekara, amma ban san ɗanɗanonta ba. Gaya mini. Yaya take lokacin da take da rai?"

Maylis ta ce, "Ni ban iya irin kalmominku ba, Papa. Na dai san ranar da na haihu, da aka buɗe, ɗakin nan duk ya ɗauki ƙamshi. Maman ta kurɓa, ta rufe ido ta daɗe. Da ta buɗe sai ta ce, 'Babanki ya iya zaɓe. Kaico, da yana nan ya ji abin da ya zaɓar miki.'"

Anselme ya dubi kofin da ke gaban kujerar. Hawaye ya gangaro masa, bai share ba. Maylis ta miƙo hannu ta ɗora a kan nasa, ta bar shi a nan.

Ya shanye abin da ke kofinsa har ƙasa, da tsamin da komai.

Yanzu duk ƙarshen mako ina ganinsa ya nufi tashar jirgi da burodi guda a hammata. Sauran kwanakin yana nan shi kaɗai a gidan, don akwai abin da ba ya dawowa. Kwalaben nan goma sha ɗaya na kantin bakin kwana kuwa ya ƙi zubarwa. Ya mayar da su cikin akwatin, ya ce hannun Huguette ne ya jera su.

Darasi: Abin da ka tanada domin wani, ka ba shi tun yana da daɗi, tun kuna tare. Giya tana da lokacinta, mutane ma haka, kuma ba wanda yake jiran farashi ya gama hawa. Kada girman kai da son a ce kai ne mai gaskiya su sa ka zauna gadin akwati, alhali an ajiye maka kofi a wani teburin. In akwai wanda ka daɗe kana ce wa "ba yanzu ba", kira shi yau. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, wataƙila a cikinsu akwai mai akwatin da ya kamata ya buɗe.